Shin Nagarta Tana Buƙatar Tsari? Abin Lura Daga Tarihin Ɗariƙar Metodis

Sanin kowa ne cewa babu wanda ba ya son a kira shi mutumin kirki. Da yawa daga cikinmu mukan kwanta da niyyar gyara wani hali, amma gari na wayewa sai mu koma gidan jiya. To, abin tambaya a nan shi ne, kyakkyawar niyya ita kaɗai ta isa ta mai da mutum nagari, ko kuwa sai an haɗa ta da ƙa'ida da lissafi da idon jama'a? Domin neman amsa, bari mu leƙa Ingila ta ƙarni na 18, mu dubi asalin ɗariƙar Metodis, ɗaya daga cikin manyan ɗariƙun addinin Kirista, wadda ta iso Badagiri ta ƙasar nan a shekarar 1842.

Tun daga sunan ma akwai abin lura. A wajejen 1729 wasu ɗalibai a jami'ar Okasfod, ƙarƙashin jagorancin Jon Wesli da ƙanensa, suka yanka wa kansu lokacin karatu da lokacin addu'a, suka ɗauki azumin Laraba da Juma'a, suka kuma riƙa ziyartar fursunoni da marasa lafiya. Sauran ɗalibai suka laƙaba musu wannan suna don ba'a, wato masu bin tsari. Sunan tsokana ya bi su har ya zama nasu.

Sai dai duk wannan ƙa'ida ba ta ba Wesli natsuwa ba. Ya tafi wa'azi Jojiya ta Amurka, ya dawo gwiwa a sanyaye, yana shakkar imanin kansa. Sai ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani ɗan taro a birnin Landan, ya sami tabbaci a zuciyarsa cewa an gafarta masa, ba don yawan aikinsa ba. A kan wannan ne aƙidar ɗariƙar ta ginu: ceto alheri ne daga Allah, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, amma wajibi ne ya bayyana a cikin halin mutum na yau da kullum. Ke nan darasi na farko, ƙa'ida ba ta haifar da zuciya.

Da wani ne, daga nan sai ya yi watsi da tsari. Wesli kuwa ƙara ɗaure shi ya yi. A 1739 ya fara wa'azi a fili ga talakawa da masu haƙar kwal a yankin Biristol, ya kuma gina ɗakin taro da bashi. Domin biyan bashin, a 1742 aka kasa mabiya gungu-gungu, kimanin mutum goma sha biyu a kowane gungu, kowa ya ba da kwabo ɗaya a mako. Masu karɓar kuɗin suna shiga gida-gida sai suka fara ganin wanda ya koma shan giya, da wanda ke cikin yunwa bai faɗa wa kowa ba. Daga nan gungun ya rikiɗe ya zama zama na mako-mako, inda ake tambayar kowa halin da yake ciki. Aka haɗa gungu ya zama jama'a, jama'o'i suka zama yanki wanda masu wa'azi ke kewayawa a kan doki, sannan a 1744 aka fara babban taro na shekara-shekara. Wesli ya rasu a 1791, amma ginin bai rushe ba. Tsintsiya dai maɗaurinta ɗaya.

Wani zai ce, ashe wannan ba sa ido ba ne? Ashe wanda ya san za a tambaye shi ranar taro ba zai koyi riya ba? Wannan suka ba abin rainawa ba ce. A 1743 Wesli ya sallami mutum 64 daga jama'arsa ta Niyukasil, 17 saboda maye, ɗaya saboda dukan matarsa. Muna iya yaba wannan tsauri, muna kuma iya tambaya, waɗanda suka tsira sun fi su ne, ko sun fi su iya ɓoyewa? Daɗin daɗawa, Wesli ya yi rubutu yana la'antar cinikin bayi a 1774, amma a 1844 mabiyansa na Amurka suka dare gida biyu saboda wani bishof mai riƙe da bayi. Tarurruka na nan, littattafan rajista na nan, amma ba su hana wani ɓangare zama lafiya da zalunci ba.

A tamu fahimtar, niyya da tsari kamar ruwa da randa ne. Randa ba ta samar da ruwa, kuma tana iya zama fanko mutane na ta yabon kyanta. Amma ruwan da ba shi da mazubi, ƙasa ce ke shanye shi. Abin da ya fi daraja a tsarin Wesli ba rajista ba ce, ba kwabon mako ba ne, a'a, yarda ce da mutum ya yi cewa shi kaɗai ba zai iya riƙe kansa ba, don haka ya ba 'yan'uwansa izinin su tambaye shi. Ranar da aka daina tambayar hali aka koma ƙirga kawuna, ranar ce randa ta fara yoyo.

A ƙarshe, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa: wa muka ba izinin ya gaya mana gaskiya? Idan babu, to niyyarmu ta daren jiya da wuya ta kai azahar ɗin yau. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.