Haraji da Dukiyar Marayu

A ce wani ɗan kasuwa a Zuru ya yi shekara 3 bai biya harajin Jihar Kebbi ba, har hukuma ta sa aka riƙe kuɗinsa na banki, alhali rabin kuɗin na marayun ɗan'uwansa ne. Alhakin wa ke nan?

Hakika Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soki jangali da kuɗin gari cikin Kitabul Farƙi. Amma wannan ba ya wanke mutumin. Suratul Baƙara ta halatta cakuɗa dukiyar maraya da ta waliyyinsa don gyara ne kaɗai, shi kuwa ya ajiye ta inda ya sani hannu zai kai. Wajibi ne ya gabatar da shaidu a ware rabon marayun, domin bai halatta hukuma ta taɓa shi ba. Idan ya salwanta, sai ya biya su daga aljihunsa.