Manoman Batsari da Safana, Ku Dubi Hanyar da Umaru Ya Bi

'Yan uwana manoma, masu dako, maƙera, direbobi, 'yan acaɓa, malaman firamare, da iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da daddawa a Batsari da Safana, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu: wai siyasa ta 'yan gado ce, talaka ba shi da ta cewa sai tafi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take kashe jiki. To, bari mu ɗauki ɗan gadon da ya fi kowa suna a Jihar Katsina, mu bi sawunsa.

Umaru Musa 'Yar'aduwa an haife shi a birnin Katsina a 1951, a gidan da siyasa ta zama abincin yau da kullum. Mahaifinsa, Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Yayansa, Janar Shehu, ya zama na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan ba a musu, kuma duk wanda ya ce sunan gidan bai buɗe wa Umaru ƙofofi ba, son zuciya yake yi.

Amma ku dubi inda aka kai yaron. A 1962 firamaren kwana ta Dutsin-Ma aka sa shi, nan maƙwabtanku, inda mutumin Safana ke zuwa cin kasuwa ya dawo kafin la'asar. Daga nan Keffi, sai Barewa, sai Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya karanta ilimin sinadarai da koyarwa. Da ya gama, alli ya ɗauka. Ya yi bautar ƙasa yana koyarwa a Legas, ya koyar a Zariya, ya dawo Katsina ya ci gaba da koyarwa har 1983. Sannan ya koma Funtuwa ya riƙe gonar Sambo har 1989, inda lissafin taki da iri da kuɗin leburori ya zama aikinsa. Gona ce babba mai tarakta, ba irin taku ta garma da shanun huɗa ba, amma fari in ya zo ba ya tambayar gonar wa ce.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne zaɓin da ya yi a Jamhuriya ta Biyu. Mahaifinsa jigo ne a NPN, jam'iyyar manya. Shi kuwa ɗan ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa, wadda ta kafa gwamnati a tsohuwar Jihar Kaduna ƙarƙashin Balarabe Musa a 1979, lokacin da Batsari da Safana suke cikin wannan jiha. Dattawanmu suna tune da cewa gwamnatin nan ce ta soke haraji da jangali. Ba shi kaɗai ba ne ɗan babban gida da ya juya wa teburin gidansu baya: Dokta Bala Usman, jinin sarautar Katsina, yana cikin wannan tafiya. Me ya ja su? Sun ga cewa ƙarfin ƙasar nan yana hannun mai fartanya, kuma wanda ya raina shi ba zai gama lafiya ba.

A 1991 ya tsaya takarar gwamna a SDP, da sunan uba da ƙarfin yaya a bayansa, Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Ku sake karanta wannan. Ɗan Matawalle, ƙanin Janar, ya sha ƙasa a akwatin zaɓe. Masu jefa ƙuri'a a lokacin iyayenku ne da yayyenku. Bayan haka mahaifin ya rasu a 1993, Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, zamanin Abacha. Sai da gidan ya rasa ginshiƙansa biyu sannan Umaru ya sake fitowa a 1999, ya ci, ya maimaita a 2003.

Da ya hau, ya yi abin da gwamnoni ba su saba ba: ya bayyana kadarorinsa a fili, kowa ya gani. Ya sake yin haka da ya zama shugaban ƙasa a 2007, dukiyar da ta haura naira miliyan 850. A ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. Ya rage kuɗin litar fetur daga naira 75 zuwa 70, daga baya 65. Ya yi wa tsagerun Neja Dalta afuwa a 2009. A gida kuma ya bar jami'ar da ya kafa a 2006, wadda yau take ɗauke da sunansa. Ba waliyyi ba ne. An zarge shi da jan ƙafa, wutar lantarkin da ya yi alkawari ba ta samu ba, kuma ɓoye-ɓoyen da aka yi a jinyarsa ya jefa ƙasa cikin ruɗani kafin Allah Ya karɓi abinsa ranar 5 ga Mayu, 2010. Allah Ya jiƙansa.

Na san abin da mutumin Wagini ko Runka zai ce: Malam, mu da muke kwana da takalmi a ƙafa, ina ruwanmu da tarihin manya? Gaskiyarka. Dajin Rugu da kakanninku suka yi kiwo da farauta a cikinsa ya zama maɓoyar ɓarayin daji. An kashe manoma a gonakinsu a 'Yar Gamji a 2019, an ƙona Tsauwa da Ɗankar a 2020. Sulhun da aka yi da ɓarayin a 2019 bai ɗore ba. A 2021 aka datse layukan waya, aka rufe kasuwanni, kuka biya kuɗin laifin da ba ku aikata ba. Duk da haka, da ruwa ya sauka kuka fita. Kuka shuka gero da dawa a gonakin bakin gari da na nesa suka gagara. Dankalin Batsari da rogonta ba su daina hawa mota ba. Matan da aka mayar zawarawa suka riƙe marayu da surfe da wankau. Wallahi wannan jarunta ta fi ta kowane mai jiniya.

To mutanen da suka iya wannan, me zai sa su tsuguna gaban ɗan takara saboda taliya da atamfa? Ku ma 'yan gado ne. Kun gaji ƙasar noma, kun gaji aikin gayya, kun gaji ƙuri'ar da ta kayar da ɗan Matawalle ta kuma tashe shi. Gidan 'Yar'aduwa bai bar siyasa ba: a 2023 ƙanin Umaru, Abdul'aziz, ya ci kujerar sanatan Katsina ta Tsakiya, mazaɓar da Batsari da Safana ke ciki. Shi da ɗan majalisar tarayya na Batsari, Safana da Ɗanmusa, da shugabannin ƙananan hukumomi, duk ma'auni ɗaya ya kamace su, wanda Umaru ya ajiye da hannunsa.

Ku karɓi katin zaɓe, ku adana shi inda kuke adana takardar gona. Ku haɗu ƙungiya-ƙungiya, ta manoma, ta direbobi, ta mata, ku zaɓi mai magana da ba ya rawar murya. Ku sa yara makaranta ko da aji ɗaya ne ya rage da rufi. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ɗan sarki ne ko ɗan talaka, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi: me ka mallaka yau, kuma za ka bayyana shi a fili? Takin gwamnati ta hannun wa zai bi, kuma a wane wata zai iso? Yaran da suka shiga rundunar tsaron al'umma da aka kafa a 2023, wa ke kula da iyalan waɗanda suka rasu? Ku sa malamin makarantar garinku ya rubuta amsoshin, da rana da wata, a ajiye takardar wajen liman har zaɓe na gaba.