Ruwan Bara Ba Shi Ne Na Bana Ba

Duk wanda ya tashi a Kankiya ko Kusada ya san kududdufi. Da rani rami ne da magina ke haƙar ƙasa a cikinsa, da damina kuwa, musamman a watan Agusta, sai ya cika ya batse. A nan da yawanmu muka koyi iyo da nutso, muna gasar wanda zai ɗebo laka a tafin hannu don ya nuna ya taɓo ƙasa. Yau idan muka bi ta wurin muka ga yara suna faɗawa, sai mu yi murmushi mu ce, "Ai mun san ruwan nan." To, da gaske mun san shi?

Wani wuri mai nisa zai taimaka mana wajen amsa. A gaɓar tekun Fasifik, kusa da birnin Los Angeles na Amurka, an buɗe wani gidan kallon halittun ruwa a 1954, ana kiransa Marineland. Iyaye kan kai 'ya'yansu su ga manyan kifaye ta bayan gilashi. A 1987 aka rufe shi, aka kwashe manyan dabbobinsa zuwa San Diego, kuma tun 2009 otal ne ke zaune a filin. Duk da haka masu nutso da tulun iska a baya suna zuwa gaɓar, suna kiranta da tsohon sunanta. Wasunsu suna yara aka fara kai su can.

Abin lura shi ne yadda suke shiga. Mai nutso daga gaɓa ba shi da jirgin da zai kai shi tsakiyar ruwa. Da ƙafarsa zai taka duwatsu masu santsi, ga kaya masu nauyi a bayansa, ga igiyar ruwa tana dukansa. Saboda haka sai ya tsaya daga tudu ya ƙare wa tekun kallo: yaya ƙarfin igiyar, ruwan garau yake ko ya gurɓace, ta ina zai fito idan ya gaji? Ba ya shiga shi kaɗai. Idan abin bai kwanta masa ba, sai ya naɗe kayansa ya koma gida, ko da sau ɗari ya taɓa nutso a wurin. Yana ƙaunar wurin saboda jiya, amma da idon yau yake yanke hukunci.

Mu a nan ne muke tuntuɓe. Kududdufin da muka sani yana kai mu iya ƙirji, an yi shekaru ana ƙara haƙarsa. Inda dā gangare ne, wataƙila yanzu rami ne mai zurfin gaba biyu. Laka ta taru, an zuba fasassun kwalabe da ƙarafa. Sunan wurin bai canja ba, bishiyar bakinsa tana nan, shi ya sa zuciya ke raya mana cewa ruwan ma yana nan yadda muka bar shi.

Kuma maganar babba tana da nauyi. Idan muka ce wa yaro "ba zurfi", ba zai sake tambayar kowa ba. Mun ba shi shaida a kan abin da rabonmu da shi shekara ashirin. Ba ƙarya muka yi da gangan ba, amma faɗin abin da ba mu tabbatar ba a inda rai ke cikin haɗari, cin amana ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Idan muka duba da kyau, yarintarmu muke karewa. Ba ma son a ce mana wurin da muka yi farin ciki ya zama abin tsoro.

Wani zai ce, ai da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Tsohon da ya tuna inda aka fara haƙa, da shekarar da ruwa ya ci wani, yana riƙe da ilimin da yaro ba shi da shi. Sai dai amfanin wannan ilimi shi ne ya nuna mana inda za mu duba, ba ya ɗauke mana dubawar ba.

Don haka kafin mu ce mun san ruwa, mu tambayi maginan da suka yi haƙa bana. Mu ɗauki doguwar gora mu gwada zurfinsa. Kada mu bar yaro ya shiga ba babba a bakin ruwa. Labarin yarintarmu kuwa, mu ba su shi da dare a tsakar gida, inda ba zai nutsar da kowa ba.