Darasi na 14: Rabon Gurgu a Gidan Sarki

Karatu: 2 Sama'ila 4:4 da 9:1-13
Ayar haddacewa: Luka 14:13-14

Ba ikilisiyar da za a rasa makaho, ko gurgu, ko kurma, ko wanda kuturta ta ci wa yatsu a cikinta. Sau da yawa iyakar abin da mukan yi musu shi ne ɗan canji a bakin ƙofa ran Lahadi, sa'an nan mu manta da su har mako ya kewayo. A darasin yau za mu ga yadda wani sarki ya yi tanadi domin gurgu, mu gwada namu da nasa.

1. Abin da Dawuda ya yi

Mefiboshet ɗan Jonatan ne, jikan Sarki Saul. Yana da shekara 5 sa'ad da labarin mutuwar ubansa da kakansa ya iso. Mai renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, garin sauri ya faɗi, ya gurgunce. Ya girma a Lodebar, a gidan Makir, yana zaune bisa alherin wani.

Da Dawuda ya kahu a sarauta, sai ya tuna da alkawarin da ya yi wa Jonatan. Bai jira gurgun ya rarrafo fada ba, shi ne ya yi cigiyarsa, ya aika aka kawo shi. Mu lura da abu uku da ya ba shi. Ya mayar masa da gonakin kakansa duka, watau haƙƙinsa na gado. Ya umarci Ziba, da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20, su nome gonakin, gama gona ba ta amfanin wanda ba ya iya riƙe fartanya sai da mai taimako. Ya kuma ba shi wurin zama a teburinsa kullum, kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Ƙafafun Mefiboshet ba su warke ba, amma daga ran nan ya san abin da zai ci gobe, ya kuma san inda zai zauna ba da kunya ba.

2. Abin da hukuma ta tanada

A ƙasarmu nakasassu suna da gādon da yawancinsu ba su sani ba. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci. Bisa ga dokar, nakasasshe yana da ikon yin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Mai taɓin hankali yana da ikon samun magani kyauta a asibitocin gwamnati. An umarci ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama nakasassu. An ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a domin mai keke ya iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Wanda ya sa nakasasshe bara domin ya ci riba, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa, wadda dokar ta ba ikon bayar da takardar shaidar nakasa.

Dokar ba ta yanka wa kowa kuɗin wata ba. Wannan sai inda jiha ta ga dama, kamar Jigawa da ta soma biyan nakasassu naira 7,000 kowane wata a 2007. Maganin kuturta kuwa kyauta ne tun 1995, ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Amma doka a takarda kamar gonar Saul ce kafin Ziba ya shiga da fartanya. Makaho na ƙauye ba zai karanta ta ba, gurgu kuma ba shi da kuɗin mota zuwa ofishin jin daɗin jama'a.

3. Abin da ya wajaba a kanmu

Da fari, dattawa su rubuta sunan kowane nakasasshe na ikilisiya da na unguwa, har da waɗanda iyaye suka ɓoye a ɗaka saboda kunya. Na biyu, a zaɓi mutum biyu masu ilimi da aminci su raka su ofis, su cika musu takardu, su koma sau nawa ne har haƙƙinsu ya fito. Na uku, a keɓe wani kashi sananne daga baiko da hatsin godiyar kaka, a riƙa bayarwa kowane wata a ranar da kowa ya sani, ma'aji kuma ya karanta lissafi a gaban jama'a ba tare da ambaton sunayen masu karɓa ba. Mudu biyar da mutum ya tabbata zai samu sun fi masa buhu guda da bai san ranar zuwansa ba.

Na huɗu, a biya wa yara kuɗin mota da tufafi su tafi makaranta, manya kuma a ba su jari ko sana'a. Iyayenmu cikin bangaskiya sun riga mu a wannan hanya sa'ad da suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953.

Kada mu manta da teburin. Wanda muka ba hatsi amma muka bar shi a kujerar baya, ba a sa shi addu'a ko waƙa ko shawara, rabin alherin Dawuda kaɗai muka yi masa. Mu kanmu ba mu iya zuwa wurin Allah da ƙafafunmu ba, Almasihu ne ya neme mu, ya zaunar da mu a teburinsa.

Tambayoyi

1. Wane abu uku Dawuda ya ba Mefiboshet? Wanne ne ikilisiyarmu ta fi sakaci da shi?
2. Nakasassu nawa ne a unguwarmu? Wa ya san sunayensu?
3. Mai keke yana iya shiga majami'armu ba sai an ɗauke shi ba?
4. Wa zai zama Ziba a cikinmu kafin taro mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga 'yan'uwanmu da muka manta a Lodebar. Ka ba mu aminci cikin rabon baikonka, da naciya wajen neman haƙƙin marasa ƙarfi. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.