Sin da Sodi a Motar Alhaji

Rumfata tana bakin titin da ya tashi daga Kano ya nufi Katsina, 'yar tazara kaɗan da kasuwar hatsi ta Dawanau. Rewaya nake yi: wayar mota, fitila, hon, rediyo da sifika. Da kakar bara, lokacin da tireloli suka yi jerin gwano suna jiran lodin riɗi da zoɓo, wani dattijo dillalin hatsi ya tsayar da tsohuwar Golf ɗinsa a gabana bayan la'asar. Sa'an mahaifina ne, tun ina yaro na san shi.

"Ɗana, duba mini rediyon nan, ya lalace."

Na kunna. Karatun Shaihu Husari ne a memori, kuma a kunnena yana fita lafiya lau. Na ce, "Baba Alhaji, ai ga shi yana yi."

Ya girgiza kai. "Yi kam yana yi, amma kamar mai karatun yana cikin tulu. Ba na raba sin da sodi. In na ƙara murya, ƙara ce kawai ke ƙaruwa, haruffan ba sa dawowa."

Nan take na gane ciwon. Sauti hawa-hawa ne. Akwai mai kauri, irin na ganga da gurnanin injin DAF, akwai kuma siriri, irin na sarewa da kukan gyare. Kunnen yaro lafiyayye yana kama girgiza daga 20 a daƙiƙa har wajen 20,000. Sifikun da suka rage da rai a motar Alhaji biyu ne, duk a ƙasan ƙofa, daidai ƙwauri. Sauti mai kauri bai damu da inda aka ajiye shi ba, yana kewaye ƙafa, ya ratsa buhu, ya ratsa bango. Siririn kuwa tafiyar kibiya yake yi. Inda aka nuna shi nan zai je, kuma babbar riga kaɗai ta isa ta shanye shi kafin ya kai kunne.

Haruffan da Alhaji ya rasa, a makarantar allo mun san su da sin, sodi da zaira. Sai da na shiga Islamiyya na ji malaman tajwidi na kiran su haruffan safiru, wato masu fita da ɗan fito. Ƙarfinsu yana can sama, daga wajen girgiza 4,000 zuwa gaba. A daidai nan ne kuma kunnen mutum yake fara gajiya. Tsufa siririn sauti yake fara ci, haka ma ƙarar inji. Alhaji ya shafe shekaru yana tsaye kusa da injinan casa da na tace riɗi, yana ɗaga murya yana ciniki. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da gargaɗin cewa ƙarar da ta kai desibel 85, in ana shan ta awa takwas kullum, tana cin kunne a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

Maganin da ke hannuna shi ne tuwita, 'yar sifikar nan da ba ta fi murfin gorar ruwa girma sosai ba, wadda ba ta da aiki sai fitar da siririn sauti. Ina da guda biyu da na sayo a Sabon Gari. Sa ta ba wuya, amma tana da sharuɗɗa. Dole a ratsa 'yar kafasita a kan jar wayarta, domin ta tare sauti mai kauri. In ba haka ba, zaren da ke cikinta, wanda bai fi gashin kai kauri sosai ba, zai ƙone kafin mako. Dole ja ya tafi wurin ja, baƙi wurin baƙi, a ɓangarorin biyu, don in aka juya ɗaya sai muryar ta rasa mazauni, ka ji ta kamar tana yawo a iska.

Babban aikin shi ne inda za ta zauna da inda za ta kalla. Ba na huda komai sai na gwada. Na manna su da salatif a kusurwar madubi, na zaunar da Alhaji a kujerarsa, na fuskantar da kowace kai tsaye ga kunnensa. Direba a hagu yake zama, don haka ta hagun tana dab da shi, ta daman kuma tana nesa. Da na kunna sai kowane sin ya riƙa tashi kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Wannan kuma ya wuce haƙƙinsa." Maganar masu tajwidi ce ya yi, da suke cewa kowane harafi yana da haƙƙi, ba a tauye shi, ba a kuma ƙara masa. Na ɗaga su kaɗan zuwa gindin ginshiƙin gilashin gaba, na gicciye su: ta hagu tana kallon matashin kujerar fasinja, ta dama tana kallon na direba. Sai muryar ta tattaru a tsakiyar gilashi, kamar alaramma ne zaune a gabanka kan buzu.

Alhaji ya yi shiru. Na ga leɓensa yana bin karatun. Can sai ya miƙa hannu ya rage murya, ya sake ragewa, har ta koma ƙasa da rabin yadda ya zo da ita. Tun da ya sami haruffan, ƙarar ba ta da sauran amfani a wurinsa.

Ba a yi kwana goma ba wani matashi mai Sharon, da ke jigila tsakanin Kano da Bichi, ya zo da nasa aikin. Yana son wufa, babbar sifikar sauti mai kauri, a but, da amfilifaya, da tuwita biyu a baya suna kallon waje. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Oga, in na tsaya a tasha a san na iso. Kuma ni da safe Alƙur'ani nake sawa, sai wa'azi. Ba gara mutane su ji shi ba da su ji kiɗa? Ko mai wucewa ya sami lada."

Ban raina wannan magana ba, kuma har yau ban raina ta ba. Yaron ba mutumin banza ba ne. Abin da ya faɗa shi ne abin da da yawa daga cikinmu muke ji a zuci, cewa Alƙur'ani albarka ne, duk inda sautinsa ya kai alheri ya kai. Da wannan tunanin mai shago yake kunna shi da safe, da shi ɗan A Daidaita Sahu yake buɗe sana'a. Ni ma da shi na tashi. Amma tun ranar da na ga hannun Alhaji ya rage murya, tambaya ɗaya ta ƙi barina: idan aka kunna karatu a mota, wa ake wa karatun?

Hausa da kanta ta raba ji da saurare. Kana jin kukan jaki ba da sonka ba, amma sai ka ga dama kake sauraren mahaifinka. Aya ta 204 a Suratul A'arafi, wadda ta yi magana kan abin da ya kamata idan ana karanta Alƙur'ani, saurare da yin shiru ta nema, sannan ta rataya rahama a kansu. Malaman fiƙihu ma, da suka zo maganar sujudar tilawa, sun bambanta wanda ya zauna domin ya saurara da wanda karatun ya faɗa kunnensa yana wucewa. To ka dubi bakin kasuwar Dawanau da hantsi. Dillali yana ja-in-ja a kan farashin wake, wani yana rantsuwa, ɗan dako ya duƙa ƙarƙashin buhu yana neman hanya, yaran mota suna faɗa a kan layi. Idan ka juya tuwita ka harba musu aya, me ka yi musu? Ko su bar neman abincinsu su yi shiru, abin da ba za su iya ba, ko su ci gaba da hayaniya a kan maganar Allah. Kai ka jefa su tsakanin biyun, ba su roƙe ka ba. Ina tsoron a nan mai motar ya fi kusa da ɗaukar nauyi fiye da rabon lada.

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu na zaure suka gada, akwai ruwayar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito ya tarar da mutane suna salla muryoyinsu sun yi sama, ya hana wani ya ɗaga murya a kan wani da karatu. Waɗannan masu ibada ne, a masallaci, kuma Alƙur'ani suke karantawa, duk da haka aka hana su cutar da juna da shi. Aya ta 110 a Suratul Isra'i ita ma tsaka-tsaki ta nuna tsakanin bayyanawa da ɓoyewa. Ban ga yadda abin da aka hana sahabi a kan sahabi zai zama halal ga amfilifaya a kan mai jego ba.

Na ce mai jego, amma uwata nake tunawa. A ƙauyenmu, kamar duk ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, gida yana kusa da gida, gona tana manne da gona, babu dajin da zai raba. Idan aka gama girbi aka sare karan dawa, babu abin da ke tare sauti da dare. Shekarun baya tana kwance ba lafiya, ta yi kwana biyu ba barci. A dare na uku, da barcin ya fara ɗaukar ta, sai wata mota ta tsaya a bayan gida da sifika a buɗe. Bangon ƙasa ya riƙa amsawa, kwanukan jere suna kaɗawa. Na fita da fushi, sai na tarar wa'azi ne aka sa, kuma malamin yana maganar haƙƙin iyaye. Da na haska but ɗin sai na ga ɗaurin wayar da na sani. Ni na haɗa wa motar wufa da hannuna, na karɓi kuɗi, na yi murna da yadda take girgiza ƙasa.

Abin da ya fi zama mini darasi shi ne, a cikin ɗakin uwata ko kalma ɗaya daga wa'azin ba ta iso ba. Bango ya tare siririn sauti, ya bar gunjin ya wuce. Haka abin yake a kowane gida. Maƙwabcin da muke cewa zai sami lada, abin da ke riskarsa ta bango ba harafi ba ne, ba ma'ana ba ce, gurnani ne kawai da ke hana shi barci. Shi kuma mai motar da ya juya tuwitarsa waje, ya hana kansa daidai abin da Alhaji ya zo nema. Yana zaune a gaba cikin dum-dum, sin da sodi sun fita ta baya sun bar shi.

Niyya Allah kaɗai ya san ta, kuma ba hurumina ba ne in kira wani mai riya. Amma ni mai aikin hannu ne, kuma akwai abin da ido yake gani. Sifikun sauti mai kauri ana iya jefa su ko'ina su yi aiki. Tuwita kuwa dole a nuna mata kunnen da za ta je, kuma mai mota ne yake faɗin kunnen. Idan na riƙe ta a hannu na ce, "Ina za ta kalla?" amsar da ya ba ni ita ce amsar wa yake so ya ji. Wani kansa yake so ya ji. Wani kuma so yake a ji shi. Ko da manufarsa kyakkyawa ce, ya kamata ya san wanne ya zaɓa daga cikin biyun, domin aya ta 36 a Suratul Isra'i ta sanya ji a cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu, tare da gani da zuciya. Na fahimci tambayar ta haɗa da abin da na zuba a kunnena, ta kuma haɗa da abin da na zuba a kunnen wani ba da yardarsa ba.

Na ce wa matashin zan sa masa tuwita a ciki, ta gaba da ta baya, yadda shi da fasinjojinsa za su ji kowane harafi ba tare da an ƙure murya ba, kuma zan rage masa kuɗin aiki. Mai kallon waje kuwa ba zan sa ba. Bai yarda ba, ya tafi wani wuri aka yi masa. Kuɗin da ya wuce ni a ranar ina bukatarsa ƙwarai. Har yanzu in ya wuce yakan danna mini hon, ni kuma in ɗaga masa hannu.

Alhaji kuwa kullum da safe ina ganin Golf ɗinsa ta taho daga wajen Tumfafi, gilashi a rufe, ba abin da ke fitowa waje. Ya gaya mini yana fara izu daga ƙofar gida, in ya zo mashigar kasuwa sai ya jira ƙarshen aya ya kashe, saboda daga nan ciniki ya fara.

'Yan'uwana masu rewaya, daga Mil Tara har Bichi, ina roƙonku: kafin ku huda ƙofa ko ku ja waya zuwa but, ku zaunar da mai motar a kujerarsa, ku manna masa tuwitar da salatif tana kallon ciki, ku bar shi ya ji aya ɗaya da murya ƙasa-ƙasa. Bayan nan sai ku tambaye shi inda yake so ta kalla.