Ƙullin Da Na Gani Na Yi Shiru

Shekara huɗu ke nan ina bin masu hawan dutse a arewacin Ingila. Daga Sheffield, inda nake zaune, tafiyar kusan rabin sa'a ce a mota zuwa Stanage, wata doguwar katangar dutse da ta miƙe sama da kilomita 5 a gandun Peak District. A gindinta har yau akwai manyan duwatsun niƙa da masassaƙan da suka bari a yashe. A nan na koyi hawa, a nan kuma na gamu da tambayar da nake son mu duba tare, 'yan'uwa: idan girmama mutum da kiyaye ransa suka ci karo, wanne ya kamata ya ja da baya?

Ga wanda bai san harkar ba, mutum biyu ke yin hawa. Mai hawa yana ɗaura igiya a ɗamarar ƙugunsa da wani ƙulli mai siffar lambar 8. Abokinsa yana ƙasa, igiyar ta ratsa wani ɗan ƙarfe da ke jikin tasa ɗamarar, yana sakinta kaɗan-kaɗan. Idan na sama ya suɓuce, sai ya danne ta ta tsaya cak. A Stanage ba a huda dutse a kafa ƙusa. Mai hawa yana cusa ƙananan ƙarafa a tsagar dutse ya maƙala igiyar, wanda ya biyo bayansa ya cire su. Ƙa'idar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce, kafin ƙafa ta bar ƙasa, kowa ya duba ƙulli da ɗamarar ɗan'uwansa.

Wanda ya koya mini wannan ƙa'ida wani dattijo ne Bature, ya haura shekara 60, ya fara hawa tun ba a haife ni ba. Wata safiya yana cikin ɗaura igiyarsa sai wasu matasa suka zo tambayarsa hanya. Ya juya ya nuna musu, ya yi raha da su, sannan ya ce da ni ya shirya. Idona ya kai ga ƙugunsa, na ga ƙullin bai yi mini kama da na kullum ba. Bakina ya yi nauyi. Matasan suna tsaye, ni kuwa an raine ni a gidan da ba a gyara wa babba a gaban mutane. Na ce a raina, ai shi ya koya mini, ta yaya zai yi kuskure?

Ya hau kamar mita 3, ya tsaya a wani tudu zai sa ƙarfen farko, sai ya sunkuya ya ga ƙullin rabi ya yi. Da ya jingina nauyinsa a kan igiyar, da ta zare. Ya sauko a hankali, ya dube ni ya ce, "Ka gani?" Na ce na ga wani abu. Ya ce, "Me ya hana ka magana?" Na ce girmansa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Igiya na ba ka ka riƙe mini, girmana kuwa bar mini shi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ba na cikin masu ganin kunya a matsayin cuta. Ita ce ke hana yaro katse babba, ita ce ke sa a rufa wa mutum asiri idan ya yi tuntuɓe, kuma mu da ke zaman ƙetare mun san yadda gida yake idan ta ƙaura. Sai dai da na tambayi kaina wa shirun nan ya kare, amsar ba ta yi mini daɗi ba. Dattijon ba abin da ya samu sai haɗari. Ni ne na tsira daga nauyin buɗe baki, da tsoron a ce ɗan koyo ya cika rawar kai. Wato kaina na kare, na kira abin ladabi.

Kuskurena na biyu shi ne zaton cewa ƙwarewa tana kore mantuwa. A shekarar 1989, a Buoux da ke kudancin Faransa, Lynn Hill, ba'amurkiyar da ke sahun gaba a masu hawa na duniya, ta manta ba ta ƙarasa ƙullinta ba. Da ta kai sama ta jingina, sai ta faɗo fiye da mita 20. Bishiya ce ta rage mata ƙarfin faɗuwar. Ta rayu, kuma a 1993 ita ce ta fara haye hanyar da ake kira The Nose a dutsen El Capitan da hannu da ƙafa kawai, igiya na matsayin kariya. Hausawa na cewa, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Sabon shiga yana duba ƙullinsa sau uku saboda tsoro, gwani kuwa hannunsa ke ɗaurawa hankalinsa na wani wuri. Saboda haka gwanin ya fi kowa buƙatar ido na biyu.

Wani zai ce ai kowane mai hawa shi ke ɗauke da alhakin kansa. Gaskiya ne, kuma hukumar masu hawan dutse ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1944, tana nanata cewa harkar tana da haɗarin rauni ko mutuwa, kowa ya san haka kafin ya shiga. Dattijon ma bai ɗora mini laifin ƙullinsa ba. Amma alhakinsa bai sauke nawa ba. Tun daga lokacin da na karɓi ƙarshen igiyar na karɓi amana, kuma mai riƙon amana ba ya da damar ya ga ɓaraka ya kau da kai don gudun ɓacin ran mai kaya.

Abin da ya rage shi ne yadda za a faɗa, kuma a nan ne tarbiyyarmu take da amfani. Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne, matuƙar an san yadda aka furta shi. Masu hawa sun sauƙaƙa abin da suka mai da dubawa al'adar kowa da kowa: idan ana duba ƙullin babba da yaro a kowane hawa, ba wanda zai ji an raina shi. Ni yanzu nakan fara miƙa nawa in ce a duba mini, daga nan sai in kai hannu ga na abokina.

Na ga irin wannan a wani ɓangaren ma. Daga wajen watan Afrilu wani baƙin tsuntsu mai farin ƙirji yakan dawo daga arewacin Afirka ya yi sheƙa a tsagogin Stanage, sai a kafa alamun roƙon masu hawa su ƙaurace wa wuraren har 'ya'yan su tashi. Galibi ba mai gadi a wurin. Abin da ke riƙe tsarin shi ne a samu wanda zai je ya ce wa wanda ya fi shi iya hawa, cikin ladabi, yau a bar wannan wuri.

Har yanzu muna hawa da dattijon. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, hanyoyin da muke zaɓa sun ragu tsawo. Kowace safiya, kafin ya taka dutse, yakan ɗaga rigarsa ya juyo gare ni, ni kuma in kama ƙullin in bi zarensa da yatsa har ƙarshe, in ja shi da ƙarfi, sannan in ce masa ya hau.