Birnin Da Ya Rasa Abokin Gaba

Mu da muke koyarwa mun san wani irin aji. Muddin malami na tsaye da bulala a hannu, ba ka jin ko tari. Da zarar ya ba da baya, sai wuri ya kaure. Mukan tambayi junanmu, shin yaran nan masu ladabi ne, ko kuwa tsoro ne kawai ya riƙe su? Irin wannan tambaya ce dattawan birnin Rum suka yi ta jayayya a kanta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, sai dai su abin da suke magana a kai shi ne rayuwar birni sukutum.

Birnin nan shi ne Kartaj, wanda kufansa yake kusa da birnin Tunis na yau. Sau uku Rumawa suna gwabza yaƙi da mutanensa. A karo na biyu ne jaruminsu Hanibal ya ƙetaro duwatsun Alf da giwaye, ya yi wa Rumawa mummunan kaye a Kana a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Amma a 202 aka ci shi da yaƙi a Zama. Aka ƙwace jiragen yaƙin Kartaj in ban da guda goma, aka ɗora mata tarar da za ta biya cikin shekara hamsin, aka kuma hana ta yin yaƙi sai da izinin Rum.

Mutanen Kartaj 'yan kasuwa ne, ba a jima ba suka farfaɗo. Wani dattijo mai suna Kato ya ziyarce su, ya ga arziki, hankalinsa ya tashi. An ce ya shiga majalisar dattawa da ɗanyen ɓaure, ya nuna wa jama'a, ya ce kwana uku kacal da tsinko shi a can, wato abokin gaba yana bakin ƙofa. Daga nan kowace magana ya yi, ko ta mece ce, sai ya rufe da kiran a rushe Kartaj. Wani dattijon kuma, Nasika, ya tsaya a kan a bar ta. Hujjarsa ita ce tsoron Kartaj ne linzamin da ke riƙe da Rumawa, in aka cire shi za su sangarce.

Ra'ayin Kato ya rinjaya. A 149 aka nemi mutanen Kartaj su ba da 'ya'yan manyansu 300 jingina, suka bayar. Aka ce su miƙa makamansu, suka miƙa. Sannan aka ce su fice daga birninsu su koma nesa da teku. A nan suka ƙi. Bayan shekara uku ana kewaye da su, a 146 aka ƙone birnin, aka sayar da kimanin mutum 50,000 bayi.

To, mai karatu, me ya biyo baya? Shekara goma sha uku kawai, a 133, jini ya zuba a cikin Rum kanta. Wani matashi mai suna Tiberiyus Girakus ya ga ƙananan manoma, waɗanda su ne sojojin da suka ciwo yaƙe-yaƙen, sun dawo sun tarar attajirai sun mamaye filayen gwamnati suna noma su da bayi. Ya kawo dokar ƙayyade abin da mutum ɗaya zai riƙe, a raba saura ga talakawa. Dattawa suka far masa da sanduna, suka kashe shi tare da magoya bayansa wajen 300, aka zubar da gawawwakin a kogin Tiba. Wanda ya jagoranci kisan kuwa ɗan Nasika ne na cikinsa. A 121 ƙanen Tiberiyus ma ya halaka a kan irin wannan gwagwarmaya. A 88 Sulla ya shigo Rum da sojojin Rum. A 49 Yuliyus Kaisar ya yi haka nan. Kafin ƙarnin ya ƙare jamhuriya ta mutu, mulki ya koma hannun mutum ɗaya, Agustus.

Marubucin tarihinsu, Salust, ya danganta lalacewar da gushewar tsoron Kartaj, kuma da wuya a ce bai hango gaskiya ba. Duk da haka muna ganin Nasika ya gane cutar, maganinsa ne bai yi ba. Shi ma ai ba tausayin mutanen Kartaj ne ya sa ya ce a bar su ba. So yake a ajiye su kamar dodon gona. Kato na son ya kashe su don Rum ta yi barci, Nasika na son ya raya su don kada Rum ta yi barci. Babu ɗaya da ya tsaya ya tambaya ko mutanen da suka biya tara, suka ajiye makami, suna da haƙƙin a bar su.

A nan ne muke ganin tsagar bangon take. Majalisar da ta saba yaudarar baƙo ta karɓe makaminsa sannan ta ƙone gidansa, ba za ta ji nauyin ɗaukar sanda a kan ɗan gida ba ranar da ya taɓa gonarta. Haɗin kan da aka yi lokacin Hanibal na gaske ne, amma bai taɓa amsa tambayar yadda za a raba ganima tsakanin mai doki da mai tafiya a ƙasa ba. Tsoro ya jinkirta tambayar, nasara ta dawo da ita.

Ba mu ce tsoro ba shi da amfani ba. Mun ga yaron da bulala ta hana shi ɓata, har hankali ya zo masa. Amma lokaci kawai tsoro yake ara wa mutum, kuma abin da aka shuka cikin lokacin nan shi za a girba. Rumawa sun samu fiye da shekara hamsin tsakanin Zama da faɗuwar Kartaj, ba su yi amfani da su wajen gyara tsakanin attajiri da manomi ba. Duk al'ummar da ba ta da abin haɗa kanta sai maƙiyi, ranar da ta rasa shi a waje za ta nemo shi a cikin gida.